Mayar da motar shiga daji daga fetur zuwa dizal: yadda ake tsara aikin in kuɗi kaɗan ne

Tambaya: “Ina da tsohuwar a-kori-kura mai jan ƙafa huɗu. Injinta na fetur ne, silinda 6, giya 4 ta hannu, tayoyi inci 33. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai yana hayaƙi. So nake in mayar da ita dizal saboda shiga yashi da taɓo da hawan duwatsu, amma kuɗin hannuna ba su taka kara sun karya ba. Wasu sun ce in nemi Cummins 4BT, wasu sun ce OM617 na Mercedes, wani kuma ya ce 1HZ na Toyota. Wanne ya fi araha, kuma ta ina zan fara?”

Malam, tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, kuma ta biyun ce ke gaba, domin sai an san ta inda za a fara kafin a san injin da zai yi araha. Abin da kake nema a zahiri shi ne mota mai tashi kullum, mai ja a ƙaramar giya ba tare da ta yi zafi ba, wadda kuma za ta kai ka bakin daji a kan kwalta injin ba ya ihu, duk a cikin kuɗin da ke hannunka. Inji ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da za su ba ka wannan, kuma sau da yawa ba shi ne ke cinye kuɗin ba. Kuɗin wannan aiki a mahaɗa suke zurarewa: inda inji ya haɗu da giyabos, inda ya zauna a kan shasi, inda ya haɗu da tanki da lagireto da birki da wayarin. Duk injin da ya rage maka yawan waɗannan mahaɗu shi ne mai araha, ko da kuɗin sayensa sun fi na sauran.

Sha'awarka ta dizal tana da hujja. Injin dizal yana ba da ƙarfin murɗawarsa tun yana juyi ƙasa-ƙasa, wato daidai inda kake bukatarsa lokacin da kake rarrafawa a kan dutse ko kake fita daga rami. Ya fi na fetur tattalin mai, don haka tanki ɗaya ya fi kai ka nesa. Tsohon dizal mai famfon injekta na ƙarfe zalla kuma ba shi da fulogi, ba shi da koyil, ba shi da kwamfuta, saboda haka damshi ba ya kashe shi cikin sauƙi. Amma ka yi wannan lissafi kafin komai: ka raba abin da aikin zai ci da abin da za ka rage na kuɗin mai a kowace kilomita. Motar da ba ta fita sai ƙarshen mako za ta yi shekaru masu yawa ba ta mayar da kuɗin ba. In dalilinka tattalin mai ne kaɗai, sauke injin fetur ɗin a sa masa ringi da metal ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. In kuwa ƙarfin ja da nisan zango da sauƙin gyara a daji kake so, to mu ci gaba.

Tef da takarda kafin sifana

Abubuwa uku za ka auna kafin ka je kallon kowane inji.

Na farko nauyi. Ka hau da motar kan sikelin manyan motoci, ka auna ƙafafun gaba daban, na baya daban, ka kwatanta da iyakar nauyin aksul ɗin gaba da kamfani ya rubuta a farantin jikin ƙofa ko na shasi. Tazarar da ke tsakani ita ce abin da ya rage maka, kuma daga cikinta ne za a cire ƙarin nauyin inji da batir na biyu da bamba ta ƙarfe da winci in kana da niyyar sawa.

Na biyu ɗakin inji. Ka auna tsawo daga bangon da ya raba inji da direba zuwa lagireto, faɗi tsakanin ƙarafan shasi biyu, da tsayi daga saman kaskon aksul ɗin gaba zuwa ƙasan bonet. Ka rubuta gefen da sandar sitiyari take, da gefen da farfelar gaba ta bi, domin akwai motocin da giyar taimakonsu, wato akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin ƙafafun gaba da na baya, ke sauke farfela ta dama, akwai masu sauke ta ta hagu. In kik ko salansa ko filtar baƙin mai na sabon injin suka faɗo gefe ɗaya da farfelar, ka sayi aikin walda da ba ka sa a lissafi ba.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi kashe aiki: lissafin giya. Ba ka faɗi lambar giyar aksul ɗinka ba, ga yadda za ka gano ta. Ka ɗaga ƙafar baya ɗaya da jak, ka sa giya a firi, ka yi alama da alli a taya da jikin farfela. Ka juya tayar sau 2 cif kana ƙirga juyin farfela. In ta yi juyi 4 da ɗan ɗoriya, aksul ɗinka 4.10 ne, in ta kusa 5, to 4.88 ne. In aksul ɗin mai kulle ƙafafu biyu ne, sai ka ɗaga duka biyun ka juya sau 1.

Yanzu ga lissafin. Taya inci 33 tana cin kusan mita 2.63 a juyi ɗaya. Gudun kilomita 100 a awa mita 1,667 ne a minti, wato tayar tana juyi kusan 633 a minti. A mafi yawan tsofaffin giyabos masu giya 4, ta huɗun kai tsaye take, juyin inji ɗaya juyin farfela ɗaya. Da aksul 4.10 ke nan injinka zai riƙa juyi kusan 2,600 a minti, da 4.88 kuma kusan 3,090. Injin fetur ba ya jin wannan ko a jikinsa. Cummins 4BT kuwa, a yadda yawancinsu suka fito daga kamfani, gwamnan famfonsa, wato na'urar da ke iyakance juyin inji, yana tsayar da shi ne a wajen 2,500. Ma'ana da giyabos ɗinka na yanzu ba za ka kai kilomita 100 a awa ba, kuma a 90 ma injin yana dab da iyakarsa, yana ƙara yana shan man da ka zo tattali. Maganin shi ne giyabos mai giya ta 5 da ke rage juyi. NV4500, alal misali, giyarsa ta 5 kusan 0.75 ce, tana sauko da 2,600 ɗin nan zuwa wajen 1,950, inda 4BT ke jin daɗin tafiya. Ka ga kafin ka taɓa noti ɗaya, lissafi ya riga ya gaya maka cewa wanda ya sayi 4BT ya sayi giyabos ma, da abin da zai haɗa shi da giyar taimako, da yanke farfela biyu.

Injinan da aka ambata maka, da wanda ba a ambata ba

Wanda ba a ambata ba shi zan fara da shi, domin shi ne mafi araha in ya samu. Ka bincika ko kamfanin motarka ya taɓa fitar da irin wannan shasi da injin dizal. Nissan Patrol ta fito da TB42 na fetur da TD42 na dizal a jiki ɗaya. Land Cruiser ta fito da na fetur da kuma 1HZ. Hilux ta fito da 22R na fetur da dangin L na dizal. In motarka tana da irin wannan 'yar'uwa, kujerun inji da kwanon kulochi da lagireto da bututun salansa duk akwai na kamfani, ɗaurawa kawai za a yi da ɗan gyara kaɗan. Babu wata dabara da ta kai wannan sauƙi, kuma ranar da wani abu ya lalace, sunan mota kawai za ka faɗa a ba ka kayan.

4BT inji ne mai lita 3.9, silinda 4, wanda aka ƙera don motocin rarraba kaya da janareto da injinan gini. Mai turbo na gama-gari yana ba da ƙarfin doki wajen 105 da ƙarfin murɗawa wajen Nm 360. Taiminsa na haƙoran ƙarfe ne, ba bel ba sarƙa, kuma yana da rai ƙwarai. Laifinsa uku ne: nauyinsa ya kai wajen kilo 340, dogo ne daga sama zuwa ƙasa, kuma yana da jijjiga mai kwance noti. A ƙaramar a-kori-kura mai siririn aksul a gaba, zai zaunar da sifirin, ya gajiyar da boris da mahaɗan sitiyari, ya kuma nutsar da gaban motar a yashi da taɓo, wato wuraren da ka ce za ka shiga. A babbar mota mai aksul irin Dana 60, ko aƙalla Dana 44 mai lafiya, ya dace sosai. Ka kula kuma da inda ya fito. Na janareto gwamnansa an saita shi ne ya riƙe gudu ɗaya, ba ya bin totur yadda mota ke so, gyara famfon kuma kuɗi ne. Babban wansa 6BT mai silinda 6 ya kai wajen kilo 500, ka cire shi daga ranka sai in motar babba ce ta gaske.

OM617 mai lita 3.0 ne, silinda 5, daga Mercedes, ya fara fitowa a 1974. Mai turbo yana ba da ƙarfin doki wajen 120, amma murɗawarsa ba ta wuce wajen Nm 240 ba, kuma kafin turbo ta buɗe sanyi gare shi. Alherinsa shi ne yana juyi ya haura 4,000, saboda haka 2,600 ɗin da muka lissafa ba komai ba ne a wurinsa, giyabos ɗinka mai giya 4 zai iya zama. Ya fi 4BT sauƙin nauyi da laushin tafiya. Matsalarsa a motar daji ita ce tumbin kaskon baƙin mansa a gaba yake, daidai inda aksul ɗin gaba ke tasowa, don haka sai an yanke kaskon an sake masa siffa tare da bututun da ke zuƙo man, ko a ɗaga motar. Da iskar zuƙa ake kashe shi ba da lantarki ba, sai ka tanadi wannan layin. Ƙaramin cikinsu ma ya haura shekara 30 da daɗewa, saboda haka lafiyar wanda ka samu ta fi sunansa muhimmanci.

1HZ lita 4.2 ne, silinda 6 a jere, ba turbo, ya fito a 1990. Ƙarfin doki wajen 130, murɗawa wajen Nm 285, mai haƙuri da gurɓataccen mai da wahala. Tsawonsa ne abin dubawa, amma da yake injinka na yanzu silinda 6 ne, in a jere suke wataƙila ɗakin ya ɗauke shi. Taiminsa na bel ne, ana canza shi wajen kowace kilomita 100,000, kuma tsinkewarsa na haɗa bawul da fistin. Masu shi sun san darajarsa, da wuya ka same shi a banza.

Ka buɗe ido kuma ga Isuzu 4BD1T mai lita 3.9, wanda sojojin Ostareliya suka yi amfani da danginsa a Land Rover ɗinsu, da 4JB1-T mai lita 2.8 in motar ba ta da nauyi. Sababbin injina masu kwamfuta da famfo mai matsanancin matsi sun fi ƙarfi da tsabtar hayaƙi, amma suna zuwa da wayarin da na'urar hana sata da sai an shawo kansu, kuma ba sa yafe ruwa a cikin mai. Ga mai ƙaramin kuɗi da ke shiga inda babu gareji, ban ba da shawararsu ba.

Hukuncina a kan ukun nan: in motarka matsakaiciya ce kuma kana son riƙe giyabos ɗinka, OM617 mai turbo ya fi kusa da aljihunka. In babba ce mai ƙaƙƙarfan aksul kuma ka yarda za ka sayi giyabos mai giya 5, 4BT. 1HZ kuwa sai in ya zo da giyabos da giyar taimakonsa a haɗe.

Wannan ya kawo mu ga shawarar da ta fi kowace rage kuɗi: kada ka sayi inji tsirara a ƙasa. Ka nemi motar da ta yi hatsari ta baya ko wadda tsatsa ta cinye jikinta amma injinta na tashi, ka saye ta ɗungurungum. Za ka ji injin da kunnenka, kuma za ka samu kik, altaneto, fulawil, famfon sitiyari, gidan filtar mai, rilen hita, wayar totur, akwatin filtar iska, da ƙananan ƙarafan riƙe su. Waɗannan ƙananan ne ke tsayar da aiki wata da watanni in aka zo neman su ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage na motar ka sayar, ka mayar da wani abu.

Duba injin kafin ka biya

Ka je da sassafe ba tare da ka faɗi lokaci ba, ka ɗora tafin hannu a kan injin. In da ɗumi, an riga an tayar da shi, ka dawo wata rana. Gajiyayyen dizal da safe yake tona kansa. Lafiyayye yana kamawa cikin 'yan daƙiƙu bayan hita, ya ɗan yi farin hayaƙi ya washe. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna raunin matsi ko nozul ko taimin, in kuma yana da ƙanshin ruwan lagireto to gaskit ne ko tsagewar kan silinda. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi kuwa mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sau da yawa shi ne mafi sauƙin gyara.

In ya yi zafi yana silo, ka kwance murfin zuba baƙin mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan motsi, ringin da sauransu. In yana tsalle har iska ta ture shi ƙasa, tana huci kamar tukunya, matsi na zurarewa ta gefen fistin, wannan injin saukewa yake jira. Ka sa agogon auna matsin baƙin mai na hannu: a dangin B na Cummins mafi ƙaranci shi ne wajen bar 0.7 a ma'aunin agogon in yana silo, da wajen bar 2 a cikakken juyi. Ka auna matsin kowace silinda da agogon dizal, ka kwatanta da littafin kamfani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne su kasance kusa da juna. Ka leƙa lagireto yana aiki, kumfar da ba ta yankewa ba alheri ba ce. Ka cire tiyon bakin turbo bayan an kashe injin, ka kama sandar fankar da yatsu biyu: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma kada ta yi gaba da baya, kada kuma fukafukan su goga jikin gida.

Tun injin yana ƙasa ka canza abin da zai yi wuyar kaiwa daga baya: silin kiranshaf na gaba da na baya, famfon ruwa, tamostat, bel ɗin taimin in yana da shi, da kulochi. A 4BT akwai wata ƙaramar ƙusa ta daidaita gidan haƙoran taimin da jijjiga kan zaro ta ta faɗa cikin haƙoran; ana danne ta da ɗan guntun ƙarfe a ƙarƙashin notin da ke kusa, aikin awa kaɗan ne tun injin bai shiga ba.

Mahaɗa

Farantin haɗa inji da giyabos shi ne wurin da ba a yin araha, araha kuwa ba ta ado. Dole tsakiyar kiranshaf da sandar giyabos su zama a layi ɗaya, karkatar kada ta wuce wajen milimita 0.13, kuma da agogon awo ake tabbatarwa ba da ido ba. In ta wuce, boris ɗin sandar zai riƙa mutuwa, giya tana fita da kanta, kulochi yana rawa. Zurfin shigar sandar cikin ƙaramin boris na bayan kiranshaf shi ma sai an auna. In akwai farantin da aka riga aka ƙera don wannan haɗi, ka saya. In babu, to ɗaukar injin da giyabos ɗinsa na asali ya fi a ƙera sabo da ƙiyasi.

Ka tuna kuma abin da ke bayan giyabos. Nm 360 in ya bi ta giya ta 1 mai 5.61, da giyar taimako mai 1.96, da aksul 4.10, ya haura Nm 16,000 a lissafi kafin taya ta zame. Ranar da ƙafa ɗaya ta maƙale tsakanin duwatsu, sandar aksul ko kuros ɗin farfela ne za su biya. Dizal kuma bugu-bugu yake ba da ƙarfinsa, don haka faifan kulochi mai sifirin na dizal za ka sa.

Wajen zaunar da injin, ka rataye shi da giyabos a haɗe, ka saukar da shi a hankali, ka tallafe da katako, kada ka yi walda tukuna. Ka cire sifirin ɗin gaba ko ka danne motar har aksul ya taɓa robar tsayawarsa, ka ga ko kaskon baƙin mai ya bar aƙalla santimita 2.5. Ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe. Ka bar irin wannan tazara ko'ina a kewayen injin, domin dizal yana girgiza sosai lokacin tashi da mutuwa. Ka karkatar da bayansa ƙasa wajen digiri 3, ka tabbata kusurwar kuros na gaba da na bayan farfela sun yi daidai da juna, bambancin bai wuce digiri 1 ba, in ba haka ba motar za ta riƙa kaɗawa a wani gudu. Sannan ka yanka siffar kujerun da kwali, ka mayar da su ƙarfe mai kaurin milimita 5 ko 6, ka ɗiga walda, ka sake duba komai, kafin a yi ta ƙarshe. Ka shimfiɗa faranti a gefen shasi don ya raba nauyi, kada a ja walda a gicciye kan leɓen shasi na sama ko na ƙasa, nan ne yake tsagewa. Robar kujera ta dizal za ka sa, ba ta tsohon injin ba.

Birki shi ne abin da ke ba mutane mamaki ranar gwaji. Sabo ɗin birkinka, wato tukunyar da ke ƙara ƙarfin taka birki, da iskar zuƙa ta injin fetur yake aiki, dizal kuwa ba shi da ita tunda ba shi da maƙogwaron totur. Sai da famfon zuƙa, wanda a injinan Japan da yawa yana bayan altaneto, a wasu kuma yana jikin injin, tare da ɗan tankin ajiya da bawul mai hana komawa. Ko kuma a sa sabo mai aiki da man famfon sitiyari. Kada motar ta taka ƙasa kafin a gama wannan.

Tanki a sauke shi a wanke. In akwai famfon fetur a ciki a cire, matsinsa ya yi wa famfon injekta yawa, a sa bututun zuƙa a madadinsa. Tankin da aka shafe cikinsa da zinki ba ya jituwa da dizal, yana narkewa ya toshe nozul. Dole a ja layin mayar da rarar mai zuwa tanki, a sa filta mai raba ruwa kafin famfon ɗagowa, da tiyo na dizal mai faɗin milimita 8 zuwa 10. Ɓangaren zuƙa in yana da ƙaramar kafa ba ya ɗigar da mai, iska yake sha, sai ka ga mota ta ƙi tashi da safe kana zargin injin. Ɗan guntun tiyo mai gani-har-hanji kafin famfon zai nuna maka kumfar.

Lagireto ka sa mafi girma da zai shiga, da fanka mai kwando a kewayenta, domin a daji kana aiki da ƙarfi kana tafiyar kunkuru, iskar hanya ba ta taimaka maka. Wayarin tsohon dizal kaɗan ne: kik, cajin altaneto, hita, da wayar kashe mai. Sai dai ka duba ko kik ɗin na lantarki mai bolt 12 ne ko 24, domin injinan manyan motoci da yawa na 24 ne. Wayar batir ta kai kaurin milimita murabba'i 50, da wayar ƙasa mai kyau daga inji zuwa shasi. Salansa ta zama inci 2.5 zuwa 3 da guntun bututu mai lanƙwasa kusa da turbo. In za ka taɓa sukurun ƙara mai, ka fara sa agogon zafin hayaƙi kafin turbo, kada ka bar shi ya daɗe sama da digiri 650 zuwa 700 na Selsiyas.

Bakin shan iska kuma ka ɗaga shi sama, ka toshe kowace kafa. Silinda mai cin cc 700 da matsi 18 zuwa 1 ba ta da fili sama da wajen cc 41 in fistin ya kai ƙoli. Ruwan da bai cika rabin ƙaramin kofi ba ya isa ya lanƙwasa kwanrod.

Lissafin kuɗi da takardu

Ka rubuta komai a layi uku: abin da motar da ka saya za ta ba ka, abin da za ka saya sabo, da abin da za ka biya wani ya yi, kamar walda da tona da yanke farfela da daidaita famfon injekta. Ka sa har tiyo da kilif da mai da noti. In ka tara, ka ware kashi ɗaya cikin uku a gefe, wannan ita ce ƙa'idar da nake bi, kuma in jimillar ta fi ƙarfinka ka jinkirta, kada ka kwance motar. Motar da aka zare wa inji kuɗi suka yanke a tsakiya ta fi gajiyayyen injin fetur zama asara. Fenti da sababbin tayoyi da winci duk su jira. Kafin ka kashe ko sisi kuma ka tambayi hukumar rajistar motoci ta inda kake da kamfanin inshorarka, domin lambar inji da nau'in mai suna cikin takardu, kuma wasu ƙasashe suna hana sa injin da ya girmi motar ko na ajin manyan motoci a ƙarama.

Akwai abin da amsar nesa ba za ta yanke maka ba: ko kaskon zai tsere wa aksul, ko shasinka yana da sauran naman da zai karɓi walda, ko sifirin ɗin gaba zai ɗauka ko sai an ƙara ganye. Tef da sikeli da guduma a jikin shasin ne za su faɗa. Lambobin da na ba ka kuma na gama-gari ne, kowane inji yana da ire-ire, farantin jikinsa da littafinsa su ne hujja.

Ranar tashin farko ka fitar da iska daga layin mai, ka juya injin da wayar mai a cire har agogon baƙin mai ya motsa, sannan ka haɗa. Ka cire tiyon shan iska, wani ya tsaya da faffaɗan katako a hannu. In silin turbo ya fashe ko famfon ya maƙale, dizal na iya cin baƙin mansa ya yi ta hawa, makulli ba ya kashe shi, toshe iskar da katakon ne kaɗai zai tsayar da shi, kuma kada a kuskura a sa tafin hannu. In ya zauna lafiya, ka bar shi ya yi zafi har tamostat ya buɗe, ka gwada birki a fili, ka yi gajerun tafiye-tafiye kusa. Bayan kilomita 500 na farko ka canza baƙin mai da filtar dizal, domin dattin tsohon tanki a nan zai taru, sannan ka bi notin kujerun inji da na farantin giyabos da na farfela ɗaya bayan ɗaya ka sake ɗaure su, ka yi wa kowanne alama da fenti yadda in ya motsa za ka gani da ido.